Mai gida ya koma baƙo: Kyuba da gasar zakarun besbol ta Karibiyan

A farkon Fabrairun 2014, a tsibirin Margarita na ƙasar Benezuwela, 'yan wasan kulob ɗin Villa Clara suka shiga fili suna wakiltar Kyuba a gasar da masu jin Sifaniyanci ke kira Serie del Caribe. Rabon da a ga kulob ɗin Kyuba a wannan gasa shekara 54 ke nan. A takardar masu shirya gasar, matsayin da aka ba su shi ne na baƙin da aka gayyato. Ba su da ƙuri'a a taron ƙungiyar da ke gudanar da gasar, ba su da layi a jerin masu karɓar baƙunci, kuma zuwansu baɗi ya dogara da ko an sake aiko musu da goron gayyata. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne a Habana, babban birnin Kyuba, aka yanke wa gasar cibiya, kuma a shekaru goma sha biyun farko kulob-kulob ɗin Kyuba ne suka ɗauki kofi bakwai.

Ga wanda bai saba da besbol ba, ga shi a gurguje. Mutum tara-tara ake yi. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili ya wurgo ƙwallo da iya ƙarfinsa, mai bugu yana jiransa da kulki. In ya buga sai ya sheƙa, ya bi zango uku ɗaya bayan ɗaya ya dawo gida, a rubuta maki ɗaya. Wanda ya yi langa yana yaro ya san daɗin isa gida ba a kayar da kai ba. In aka fitar da masu bugu uku sai a yi musanya, masu tsaro su karɓi kulki. Turmi tara ake yi, kuma babu canjaras: in an tashi daidai sai a yi ta ƙara turmi har wani ya faɗi.

Ita kuwa gasar, tsarinta mai sauƙi ne. Ƙasashen yankin suna da lig-lig da ake bugawa daga wajen Oktoba zuwa Janairu, lokacin da sanyi ya rufe filayen Amurka kuma babbar lig ɗinta, MLB, take hutu. Shi ya sa ake ce musu lig ɗin hunturu, duk da cewa mutumin Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominikan, bai san wani hunturu ba. Kowace ƙasa ta fitar da zakaranta, sai zakarun su haɗu a gari ɗaya a farkon Fabrairu, su yi kamar mako guda suna gwabzawa. Da an gama, kowa ya ɗaure jakarsa, domin a tsakiyar watan ake buɗe sansanonin atisaye a Amurka. Wato tun asali a ɗan tsakanin da kalandar wani ta bari aka shimfiɗa tabarmar gasar. A riƙe wannan, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

Yadda aka haife ta

Besbol ya shiga Kyuba ne a shekarun 1860 ta hannun ɗaliban da suka yi karatu a Amurka, irin su Nemesio Guilló, da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. Turawan Sifaniya da ke mulkin tsibirin ba su so shi ba. Su wasan sa da mashi suka sani, kuma sun lura matasan da ke taruwa a filin besbol su ne masu maganar 'yanci. Zargin nasu bai faɗi ƙasa banza ba: Emilio Sabourín, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin Habana, a kurkukun Ceuta da ke gaɓar arewacin Afirka ya rasu a 1897, saboda taimaka wa masu yaƙin neman 'yanci. An fara lig ɗin Kyuba a 1878, shekara biyu kacal bayan kafa National League ta Amurka. 'Yan Kyuba da yaƙi ya kora ko fatauci ya fitar su ne suka yi dakon wasan zuwa Jamhuriyar Dominikan da Benezuwela da Puerto Rico da yankin Yucatán na Meziko. Don haka in ɗan Kyuba ya ce shi ne uban besbol a yankin, ba cika baki ya yi ba.

Abin da ya haifi gasar kai tsaye rikici ne na kuɗi. A 1946 wani attajirin Meziko, Jorge Pasquel, ya buɗe bakin aljihu ya fara zawarcin 'yan wasan MLB zuwa lig ɗin ƙasarsa. Ya samu irin su Sal Maglie da Max Lanier da Mickey Owen. Shugaban MLB na lokacin, Happy Chandler, ya yanke wa duk wanda ya tsallaka hukuncin dakatarwa na shekara biyar, kuma wanda ya yi wasa tare da su ma yana iya shafar kashin kaji. Wannan ya jefa Kyuba cikin tsaka mai wuya, domin yawancin waɗanda aka dakatar a Habana suke cin abincinsu na hunturu, wasu ma 'yan ƙasa ne. Masu kulob-kulob suka duba, suka ga ba za su iya ja da Amurka ba. A 1947 lig ɗin Kyuba ya sa hannu a yarjejeniya da hukumomin besbol na Amurka: za a riƙa ba shi aron matasan 'yan wasa, shi kuma ya rufe ƙofa ga waɗanda aka dakatar, ya bi ƙa'idojin da aka gindaya masa. Maƙwabta suka ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa. A 1948 aka kafa ƙungiyar ƙwararrun lig-lig na Karibiyan, da Kyuba da Puerto Rico da Panama da Benezuwela a ciki.

Shawarar haɗa zakaru a gasa ɗaya kuwa ba daga Kyuba ta fito ba. Wasu 'yan kasuwar Benezuwela biyu, Oscar Prieto da Pablo Morales, su suka kawo ta, bayan sun ga yadda jama'a suka cika fili a wata gasar kulob-kulob da aka fara a Caracas, babban birnin ƙasarsu, a 1946. Amma da aka zo batun inda za a fara, babu gardama. Habana ce mai sabon fili, Gran Stadium na unguwar Cerro, wanda Bobby Maduro da Miguel Suárez suka gina aka buɗe a 1946. Ita ce mai 'yan kallo, ita ce mai gidajen rediyo, ita ce mai kuɗi.

Daga 20 zuwa 25 ga Fabrairun 1949 aka yi ta farko. Almendares ta Kyuba, Cervecería Caracas ta Benezuwela, Spur Cola ta Panama, da Indios de Mayagüez ta Puerto Rico. Wasa biyu kowace rana, kowa ya kara da kowa sau biyu. Almendares ta cinye wasanninta shida ba ta sha kashi ko ɗaya ba, mai jifanta Agapito Mayor shi kaɗai aka rubuta wa nasara uku. A cikin masu bugunta akwai Monte Irvin, baƙar fatar Amurka. Wannan ba sabon abu ba ne a Habana ko San Juan, babban birnin Puerto Rico, inda baƙi da farare suka shafe shekaru da dama suna wasa a kulob ɗaya, alhali a Amurka sai a 1947 Jackie Robinson ya karya wannan shinge.

Shekaru goma sha biyu na ganiya

Aka riƙa karɓa-karɓa: Habana, San Juan, Caracas, birnin Panama, a sake komowa. A 1950 Carta Vieja ta Panama ta ba kowa mamaki ta ɗauka. A 1952 Tommy Fine na Leones del Habana ya jefa turmi tara cur ba wanda ya samu bugun da ya kai shi zango, aka tashi 1 da 0 a kan Cervecería Caracas. Sai da aka shekara 72 kafin wani ya sake yin haka a gasar.

A farkon shekarun Puerto Rico ce ma ta fi tashe, musamman Cangrejeros de Santurce ta Pedrín Zorrilla, wadda ta ɗauka a 1951 da 1953 da 1955. Suna da Willard Brown, gwarzon lig ɗin baƙaƙen fata na Amurka, wanda mutanen tsibirin suka laƙaba wa Ese Hombre, wato “mutumin nan”. Tawagar 1955 kuwa har yau dattawa na gardamar ko an taɓa haɗa irinta. Willie Mays na tsakiya, watanni kaɗan bayan ya ci World Series, wato kofin zakaran MLB, da New York Giants kuma an zaɓe shi gwarzon shekara. A gefensa wani yaro ɗan shekara 20 da bai ko fara wasa a MLB ba, Roberto Clemente. Mays ya isa Caracas kulkinsa ya yi sanyi, ya fito sau goma sha biyu bai samu komai ba, 'yan kallo suka sa shi a gaba da ihu. A turmi na goma sha ɗaya na wasansu da Magallanes ta Benezuwela, Clemente na kan zango, Mays ya ɗaga ƙwallo ta tsallake katanga, wasa ya ƙare. Daga nan babu mai jifan da ya sake samun sa'ida a hannunsa har aka tashi.

Daga 1956 sai Kyuba ta kankane. Cienfuegos, Marianao, Marianao kuma, Almendares, sannan Cienfuegos a 1960: kofi biyar a jere. Marianao na da Minnie Miñoso, Cienfuegos na da Camilo Pascual da Pedro Ramos, dukkansu taurari a Amurka da ke dawowa gida su yi wasa kowane hunturu. Wani abin lura, kulob huɗu ne kacal a lig ɗin Kyuba na lokacin, kuma duk a fili ɗaya suke wasa a Habana, har da ita Cienfuegos mai ɗauke da sunan wani gari na kudu. A ƙarshen wannan zango lissafi ya tsaya a Kyuba 7, Puerto Rico 4, Panama 1. Benezuwela da 'ya'yanta suka kawo shawara ba ta ɗanɗana ko sau ɗaya ba.

Inda igiya ta tsinke

Fidel Castro ya karɓi mulki a Janairun 1959, kuma da farko babu alamar yana da matsala da besbol na kuɗi. Mai son wasan ne. Habana na da kulob a ƙaramin lig na Amurka, Sugar Kings, mallakar Bobby Maduro, kuma sabuwar gwamnati ta tallafa masa. Amma a daren 25 ga Yulin 1959, ana wasa da Rochester, da sha biyun dare ta buga aka shiga ranar bikin juyin juya hali, sojoji da magoya baya suka hau harbi sama don murna. Harsashi ya faɗo a kan hular Frank Verdi na Rochester, wani ya gogi kafaɗar Leo Cárdenas na Sugar Kings. Ba wanda ya mutu, amma Amurkawa suka tattara suka bar gari. Duk da haka a Oktoban shekarar Sugar Kings suka ci kofin ƙananan lig-lig a kan Minneapolis, Castro na zaune a cikin 'yan kallo.

A 1960 al'amura suka dagule. Gwamnati ta ƙwace matatun mai da kamfanonin Amurka, a watan Yuli hukumar lig ta ɗauke Sugar Kings daga Habana ta mayar da su Jersey City ana tsakiyar kaka. Shugaban MLB, Ford Frick, ya hana 'yan wasan Amurka zuwa Kyuba. Kakar 1960 zuwa 1961 'yan gida zalla suka buga ta, Cienfuegos ta zama zakara. A ranar 3 ga Janairun 1961 Amurka ta yanke hulɗar jakadanci da Kyuba. Gasar Karibiyan ta wannan shekara kuwa, bisa karɓa-karɓa, layin Habana ne. Kulob-kulob ɗin Puerto Rico da Panama da Benezuwela cike suke da Amurkawan da aka hana taka tsibirin. Aka soke ta.

A nan masu ba da tarihi ke rabuwa. Ɗan gudun hijira a Miami zai ce maka Castro ne ya kashe gasar, jami'in wasanni a Habana zai ce Frick ne. A ganina kowannensu ya faɗi rabin gaskiya ya haɗiye rabi. Umarnin Frick ne ya hana a yi ta 1961. Amma abin da ya toshe hanyar gyara shi ne matakin gwamnatin Kyuba: ta kafa hukumar wasanni ta INDER a 1961, ta soke wasa don kuɗi gaba ɗaya, a Janairun 1962 ta buɗe sabon lig na 'yan sa-kai, Serie Nacional, wanda Castro ya kira nasarar 'yantaccen wasa a kan wasan bauta. Kalmar bauta ta yi tsauri, sai dai ba daga sama ta faɗo ba, domin a lokacin ɗan wasan MLB ba shi da ikon barin kulob ɗinsa sai an sayar da shi ko an sallame shi. Almendares da Habana da Marianao, sunayen da aka yi shekaru ana faɗa a kansu a gidajen shan kofi, suka shuɗe. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne gasar ƙafa biyu gare ta, kasuwar Habana da izinin MLB, kuma a shekara ɗaya ƙafafun suka juya wa juna baya. Sauran ƙasashe sun gwada wata gasar maye gurbi a farkon shekarun 1960, ta yi 'yan shekaru ta mutu.

Gida ba mai shi

Sai a 1970 aka farfaɗo da ita a Caracas, da kulob uku: Magallanes ta Benezuwela, Ponce ta Puerto Rico, da sabon shiga, Licey ta Jamhuriyar Dominikan. Magallanes ta ɗauka, karon farko ga Benezuwela, kuma kocinta ɗan Kyuba ne, Carlos Pascual, yayan Camilo. Meziko ta shigo a 1971, ta ci kofinta na farko a 1976 ta hannun Naranjeros de Hermosillo. Panama ba ta dawo ba a lokacin. Waɗannan huɗun, Dominikan da Puerto Rico da Benezuwela da Meziko, su ne cikakkun mambobi har yau.

Faɗuwar wani tashin wani. Da ƙofar Kyuba ta rufe, masu farautar 'yan wasa na MLB suka karkata zuwa Dominikan, garuruwan rake irin su San Pedro de Macorís suka zama ma'adinai, kulob-kulob suka gina makarantun horar da yara, kamar Campo Las Palmas da Dodgers suka buɗe a 1987. Sakamakon ya fito a allon gasar. Licey kaɗai ta tara kofi 11, Águilas Cibaeñas 6. Kujerar da Kyuba ta tashi a kai ba ta daɗe babu kowa ba.

Shekarun ba su tafi sumul ba. A 1981 yajin aikin 'yan wasan Benezuwela ya hana a yi gasar ɗungurungum. A 1990 da 1991 aka kai ta Miami da fatan 'yan ci-rani za su cika fili, ba su cika ba. Ta 1990 a Orange Bowl aka yi ta, filin da aka gina don wani wasa daban, ta 1991 kuma a wani tsohon fili da aka sa wa sunan Bobby Maduro, wanda ya rasu yana gudun hijira a 1986. Mutumin da ya gina filin da aka fara gasar, ga sunansa a bangon filin da ta zo neman mafaka.

Ƙololuwar wannan zango ita ce 1995 a San Juan. Senadores de San Juan suka fito da Roberto Alomar, Edgar Martínez, Juan González, Bernie Williams, Carlos Baerga, Rubén Sierra da Carlos Delgado a jeri ɗaya, suka ci wasa shida a jere, har da doke tawagar Dominikan mai Pedro Martínez da José Rijo. A nan ya kamata a faɗi wani sirri da ba sirri ba: ba duka waɗannan ne suka buga wa San Juan kakar ba. Doka ta yarda zakara ya ɗebo 'yan ƙarfafawa daga kulob-kulob ɗin da ya doke, abin da suke kira refuerzos, mu kuwa a ƙwallon unguwa 'yan haya muke ce musu. Shi ya sa kulob ɗin da ke zuwa gasar rabinsa kulob ne rabinsa tawagar ƙasa, kuma sau da yawa sunan ƙasar ne a ƙirjin rigar.

Bayan 1995 taurari suka fara janyewa. Albashin MLB ya kai miliyoyin daloli, kuma ba mai kulob ɗin da zai so kadararsa ta je ta karye a wasan Fabrairu. Yarjejeniyar da ke tsakanin MLB da lig-lig ɗin hunturu ta ba kulob damar hana ɗan wasan da ya yi aiki da yawa a kaka, da sunan tsananin gajiya. A 2006 kuma aka fara World Baseball Classic, inda manyan taurari ke sa rigar ƙasa da yardar iyayen gidansu. Gasar Karibiyan ta koma ta matasa masu neman a gan su da tsofaffin hannu masu neman kwantiragi na ƙarshe. In ba a Meziko aka yi ta ba, kujeru kan zauna wayam. A 2013 aka sauya tsari aka kawo wasan ƙarshe, kuma aka yi dace: Yaquis de Obregón ta Meziko da Escogido ta Dominikan suka yi turmi 18, sama da awa bakwai, kafin Meziko ta yi nasara da 4 da 3. Amma tsari kaɗai ba ya sayar da tikiti. Ana bukatar sabon labari.

Dawowa ta ƙofar baƙi

Ita ma Kyuba tana da tata bukatar. Ta yi shekaru tana mulkin besbol na 'yan sa-kai, ta ci zinare a Olamfik na 1992 da 1996 da 2004. Amma an cire wasan daga Olamfik bayan 2008, tsohon kofin duniya na besbol ya tsaya a 2011, kuma gwanayenta suna ta sulalewa: Aroldis Chapman a 2009, Yoenis Céspedes a 2011, Yasiel Puig a 2012, José Abreu a 2013. A wannan shekarar gwamnati ta sassauta, ta yarda 'yan wasa su yi kwantiragi a waje ta hannun hukuma. Don haka gayyatar 2014 ba sadaka ba ce, ciniki ne: gasa na neman 'yan kallo, Kyuba na neman abokan karawa.

Abin da ya hana a ba ta cikakkiyar kujera shi ne takunkumin Amurka. Ƙungiyar Karibiyan, wadda lauyan Dominikan Juan Francisco Puello Herrera ya daɗe yana shugabanta, a ɗaure take da yarjejeniyarta da MLB, ita kuma MLB a ƙarƙashin dokar baitulmalin Amurka take, wadda ta hana mu'amalar kuɗi da hukumomin gwamnatin Kyuba sai da izini. Igiyar da aka ɗaura a 1947 don a tsira, ita ce ta tare ƙofa bayan shekara sittin da wani abu.

Villa Clara ta sha kunya a Margarita. Wasa ɗaya ta ci cikin huɗu, ita ce ta fara komawa gida. A Habana aka fahimci cewa zamanin lallasa ɗaliban jami'a a gasannin 'yan sa-kai ya wuce. Da shekara ta zagayo, Pinar del Río ce zakara, amma tawagar da koci Alfonso Urquiola ya kai San Juan kusan tawagar ƙasa ce da aka sauya wa suna, da Frederich Cepeda da Alfredo Despaigne da Yulieski Gourriel duk 'yan haya. Ko da hakan da ƙyar suka tsallake zagayen farko, nasara ɗaya cikin huɗu. Ana tsakiyar gasar mutum biyu suka fice daga masauki ba su dawo ba, Vladimir Gutiérrez ɗan shekara 19 da Dainer Moreira. Sai kuma abin ya juya. A wasan kusa da na ƙarshe Caribes de Anzoátegui ta Benezuwela, waɗanda ba a doke su ko sau ɗaya ba, suna gaba da 4 da 0, Cepeda ya tashi haiƙan aka tashi 8 da 4. A ranar 8 ga Fabrairun 2015 suka doke Tomateros de Culiacán ta Meziko da 3 da 2. Kofin Kyuba na takwas, a Puerto Rico wadda yanki ne na Amurka, ƙasa da wata biyu bayan Barack Obama da shugaban Kyuba na lokacin, Raúl Castro, sun sanar da shirin maido da hulɗa. Kofi ya tafi Habana, kuɗin kyautar da ke biye da shi takunkumi ya riƙe.

Ta 2016 ta fi ciwo. Da aka kammala gasar a Santo Domingo, da asubar 8 ga Fabrairu, Yulieski Gourriel da ƙanensa Lourdes suka bar otal. Waɗannan ba yaran da ba a sani ba ne. Mahaifinsu gwarzon tawagar ƙasa ne, gidansu gidan da ake nuna wa matasa ne a matsayin abin koyi na biyayya. Yulieski, yana da shekara 31, ya ga lokaci na ƙure masa yana jiran a buɗe halastacciyar hanya. Houston Astros suka ba shi dala miliyan 47.5, ya ci World Series da su sau biyu. Bayan tafiyarsu da mako shida Obama ya zauna kusa da Raúl Castro a tsohon Gran Stadium, wanda yanzu ake kira Estadio Latinoamericano, suna kallon Tampa Bay Rays da tawagar Kyuba. Halastacciyar hanyar ta zo a Disamban 2018, da MLB da hukumar besbol ta Kyuba suka ƙulla yarjejeniya, gwamnatin Donald Trump ta soke ta a Afrilun 2019.

A 2019 aka yi wani abu da ko mai tatsuniya zai yi shakkar ƙagawa. Barquisimeto ta Benezuwela ce za ta karɓi baƙunci, rikicin mulkin ƙasar tsakanin Nicolás Maduro da Juan Guaidó ya ɓarke, ana saura kwanaki aka ɗauke gasar zuwa birnin Panama. Ladan ba da fili, aka ce zakaran Panama ya shigo a matsayin baƙo. A wasan ƙarshe sai ga Toros de Herrera ta Panama da Leñadores de Las Tunas ta Kyuba, baƙi biyu, ƙasashensu duka cikin huɗun da suka kafa gasar a 1949, cikakkun mambobi huɗu na zaune suna kallo. Panama ta ci 3 da 1, kofinta na farko tun 1950.

Baƙo raɓa ne. A 2020 gasar ta koma San Juan, aka ce lokaci ya ƙure wa 'yan Kyuba su sami bizar Amurka, domin ofishin jakadancin da ke Habana ya daina bayarwa sai an je wata ƙasa. Hukumar Kyuba ta ce matsin lamba ne kawai aka miƙa wa wuya. Aka ba Kolombiya gurbin, kuma bayan shekara biyu Caimanes de Barranquilla suka ɗauki kofi a Santo Domingo. Kyuba ta sake leƙowa sau ɗaya a Caracas a 2023, da wata haɗakar tawaga mai suna Agricultores, ta ƙare a ƙarshe cikin takwas. Zuwa lokacin ƙaura ta rarake lig ɗinta har ƙashi. A 2025 a Mexicali wata tawaga daga Japan aka gayyato, Escogido ta koci Albert Pujols ta ɗauka. Lissafin kofuna bayan wannan gasa ta 67: Dominikan 23, Puerto Rico 16, Meziko 9, Kyuba 8, Benezuwela 8, Panama 2, Kolombiya 1. Kyuba ta tara nata takwas ɗin a zuwa 19 kacal. Rabon Habana da karɓar baƙunci tun 1957.

Ta 2024 ce ta fi tsaya mini a rai. An sake komawa Miami, wannan karon a filin Marlins, wanda aka gina a daidai inda Orange Bowl yake a da, a unguwar da ake kira Little Havana saboda yawan 'yan Kyuba. Abin da ya gagara a 1990 ya yiwu: mutum 36,677 suka shiga kallon wasan ƙarshe, inda Tiburones de La Guaira ta Benezuwela, ƙarƙashin koci Ozzie Guillén, ta doke Licey da 3 da 0. A wannan gasar ce Ángel Padrón ya maimaita abin da Tommy Fine ya yi a 1952. An gayyaci Panama da Curaçao da Nikaraguwa, ba a gayyaci Kyuba ba. A cikin waɗanda suka ɗaga kofi a daren akwai Yasiel Puig, mutumin lardin Cienfuegos, sanye da rigar Benezuwela.